Shekara 42 a kan keken BMX: in shiga tseren ko in rufa wa kaina asiri?

Abu Sadik (Jidda):
Assalamu alaikum jama'ar gida. Yau zan tona wa kaina asiri kafin wani ya riga ni, don na san akwai wanda ya hango ni ranar Juma'a ya yi kamar bai gan ni ba. Wata huɗu ke nan da na sayi keken BMX, ƙaramin keken nan na tsere da tsalle-tsalle. Ba na ɗana Sadik ba ne, nawa ne. Na je Harajin Sawarik, kasuwar tsofaffin kaya, neman kwamfuresan mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) na hannu, sai na gan shi jingine bayan wasu tsofaffin firji, tayar gaba a sace, sirdi a yage. Mai shi ya ce riyal 400, muka ƙare a 260. Da na shigo da shi gida uwargida ta ce Allah ya ƙara buɗi, yaro zai ji daɗi. Sai da na kwana uku kafin na iya gaya mata gaskiya.

Akwai wani fili can kudancin gari, bayan ɗakunan ajiyar kaya, inda wasu samari suka tara ƙasa da shebur suka yi tuddai da lanƙwasar hanya guda uku. Duk Juma'a bayan asuba suke tsere kafin rana ta buɗe. Ni ne babbansu, Ammu suke ce mini, wato baffa. Nan da mako biyu za su yi gasa a tsakaninsu, har sun rubuta sunana. To ku ba ni shawara tsakani da Allah.

Auta na Hindawiyya:
Hhhh Ammu wallahi ni ne na gan ka! Na ce wannan gemun na san shi, amma hular kwanon ta rikita ni. Ka shiga kawai, babu abin da zai faru.

Baba na Jarwal:
Wa alaikumus salam. Abu Sadik, kai da ake kira in za a ɗaura aure a zo da kai cikin manya, kai ne za ka hau keken da gwiwarka ke dukan haɓarka? Girma ya faɗi, raƙumi ya shanye ruwan 'yan tsaki. In motsa jiki kake so, ga Kornish nan a bakin teku an yi wa masu keke hanyarsu daban, ka sayi babba irin na mutane ka riƙa zagayawa bayan isha. Amma tsalle-tsalle da sa'o'in ɗanka, ban ga dacewarsa ba.

Abu Sadik:
Allah ya ƙara girma Baba, na ji. Amma ba a zama a kansa balle gwiwa ta daki haɓa. A tsaye ake tuƙa shi daga farko har ƙarshe, sirdin nan kusan ado ne.

Baba na Jarwal:
Keken da ba a zama a kansa kuma? To wannan ai ya fi na farko muni.

Usta Mai Sikal:
Kafin a je ga maganar girma, Abu Sadik turo hoton keken. BMX iri biyu ne, mutane suna haɗa su. Akwai na wasan gwaninta, wanda ake ɗaura wa ƙarafa a gefen taya ana dirowa daga matakala. Shi da ƙarfe mai nauyi ake yin sa don ya jure duka. Akwai kuma na tsere, yawancinsa alminiyam ne, ba nauyi, jikinsa ya fi tsawo, birki ɗaya ne a baya, giya ɗaya tak. In na farkon ka saya, wahala kawai kake sha a filin nan.

Abu Sadik:
Ga shi na turo, Usta.

Usta Mai Sikal:
Ma sha Allah, na tsere ne, ka yi tsintuwa a 260. Sai dai ya yi maka kaɗan. Wannan na saurayi ne ɗan shekara goma sha huɗu. Duk tayarsu inci 20 ce, babba da yaro, bambancin yana sandar sama. Mai tsawonka yana buƙatar wadda ta kai inci 21 ko ta ɗan wuce. Shi ya sa na tabbata bayanka yana ciwo, kuma in ka sauko daga tudu kana jin kamar kan keken zai jefa ka gaba. Ƙirga mini haƙoran faranti na gaba da na baya. Abin da aka saba shi ne 44 da 16. In ka ga sun canza shi, ka kawo mini.

Wani abu kuma, don Baba ya ji. A dokar tseren akwai ajin da ake hawa mai taya inci 24, ana ce masa kuruza, kuma yawancin masu shekaru shi suke hawa don ya fi natsuwa a ƙasa. Ana raba mahaya da shekaru, akwai rukunin 'yan arba'in, akwai na waɗanda suka haura hamsin. Ba wasan yara zalla ba ne.

Auta na Hindawiyya:
Baba ai har a Olamfik ana yi. An fara a Beijin 2008, wani ɗan Latbiya Maris Strombergs ya ci zinare, ya sake ci a Landan 2012. A mata akwai Mariana Pajón 'yar Kolombiya, zinare biyu, 2012 da 2016. A Faris 2024 Faransawa ne suka kwashe na ɗaya da na biyu da na uku a maza, kuma wanda ya zo na ɗaya, Joris Daudet, ya haura talatin a lokacin. Mutum takwas ake jerawa a bayan ƙofa a saman tudu mai tsawon mita 8, ƙofar ta faɗi su gangaro. Filin wajen mita 400 ne, cikin daƙiƙa talatin da 'yan kai an gama.

Baba na Jarwal:
Auta, waɗannan da ka lissafo ana biyan su. Abu Sadik wa zai biya shi?

Nas a Riyad:
Tambayar Baba ita ce tambayar, ko da yake ni ba ta fuskar girma nake kallon ta ba. Yaya Abu Sadik, aikina ke nan, ina ganin waɗanda keke da babur suka kayar. Mutum in zai faɗi hannu yake miƙawa, sai nauyin jiki duka ya sauka a wuyan hannu ko a ƙashin nan da ke tsakanin wuya da kafaɗa. Yaro ɗan sha biyar in ya karye nan, kafin ka ankara ya koma wasa. Kai kuwa sai ka yi wata biyu ko uku ba ka ɗaga abu mai nauyi ba. Kuma sana'arka ɗaga mukayyif ce a kan tsani. Ba albashin gwamnati kake ci ba, ranar da ba ka fita ba babu. Ga kuɗin iƙama, wato takardar zama, ga haya, ga na makarantar yara, ga waɗanda ke jiran aike a gida. Kafili, ubangidan da kake zaune a ƙarƙashin sunansa, ba ruwansa da cewa kai ka zo na uku.

Tunda Auta ya kawo Olamfik, bari in ƙara masa abin da ya tsallake. Connor Fields na Amurka shi ya ci zinare a Riyo 2016. A Tokiyo 2021 ya faɗi a zagayen kusa da na ƙarshe, jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa. Saya Sakakibara da ta ci na mata a Faris, yayanta Kai ya faɗi a gasa a 2020 ya samu mummunan rauni a ka. Waɗannan gwanaye ne, da likitoci tsaye a bakin fili. Ku a bayan ɗakunan ajiya wa ke tsaye?

Abu Sadik:
Wallahi Nas kin taɓa inda ke mini ciwo. Wannan lissafin kullum sai na yi shi a hanya. Na faɗi sau biyu, na biyun na kwana huɗu ina sallah a zaune, na ce wa yaran shago tsani ne ya zame.

Amma bari in gaya muku abin da ya kai ni. A Fagge na tashi. Gidanmu babu keke sai na kawunmu, Raleigh baƙi mai kariya da fitilar dainamo, wanda yake gogewa da tsumma duk safiya kamar doki. Lokacin ma kamfanin na da masana'anta a Bompai, amma mu ko ƙararrawarsa ba mu isa mu taɓa ba. Mu namu gargare ne, sai kuma keken haya. Akwai wani mai haya a bakin layinmu, ƙananan kekuna shida ne da shi, babu mai birki ko ɗaya, da silifa ake tsayar da su. Ka tara kwabbanka na kashewa a makaranta kwana uku, ka ba shi, ya duba agogonsa ya ce minti goma. Minti goman nan rabi a kallon bayanka yake ƙarewa, ko ya aiko yaronsa. In ka makara ya riƙe takalminka. In cen ya zame, lokacinka ne ke tafiya kana durƙushe da baƙin mai a hannu.

Sai wani ɗan mai kuɗi a unguwar aka kawo masa BMX daga waje, ja da fari, da soso a sandar. Muka riƙa bin sa a guje har masallaci. Sau ɗaya ya ba ni, ya ce daga nan zuwa turken wuta. Ban kai turken ba ya ce in sauko. Wannan abin ya fi shekara talatin, amma da na ga keken nan a Haraj, turken na tuna. Duk keken da na taɓa hawa a rayuwata na wani ne, kuma da agogo a kaina.

Ɗan Maiwurno:
Ya salam. Abu Sadik ka sa na ajiye shayina. Mu a Maiwurno, can Sudan, ajala muke ce wa keke, kuma mai gyara ajalati. Babanmu Phoenix ne da shi, ɗan Sin, mai sanda biyu. Ba abin wasa ba ne, shi ne motar gida. A kansa ake kai kuɓewa da tumatir kasuwa, a kansa aka kai ni asibiti a Sinnar ina zazzaɓi, ina zaune a sanda an naɗa mini zani don kada ƙarfen ya ci ni. Ni na koya ne da zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda, jiki a karkace, hannu ɗaya a kan keke ɗaya rungume da sirdi. Duk wanda ya koya a babban keke ya san wannan tuƙin.

Abokan gabanmu biyu ne. Da rani tsidau, ka fita da iska ka dawo kana turawa. Da damina kuma baƙar lakar nan ta bakin kogi, ta cushe tsakanin taya da murfinta har keken ya ƙi motsi, sai ka saɓa shi a kafaɗa. Tub ɗin baba na taɓa ƙirga faci goma sha ɗaya a jikinsa. Warin sholisho har yau in na ji shi sai na ga rumfar ajalatin nan da kwanon ruwansa da yake tsoma tub yana neman kumfa.

Keken yana nan a gida har lokacin da yaƙi ya tashi a 2023. Mutanenmu da suka fita ba su ɗauki komai ba sai abin da hannu zai riƙe. Na tambayi ƙanena, ya ce Yaya ana ta rai wa ke ta ajala.

Baba na Jarwal:
Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya, ya mayar da kowa gidansa. Ka ga wannan shi ne keke, abin neman abinci. Mu a zamaninmu har lasin ake yi masa a ofishin En'e, a ɗaura ɗan ƙarfe a jikinsa, in ba ka da shi ɗan doka ya kama. Mai sabon Raleigh a gari ana ba shi mata ba a bincike. Ban taɓa ganin wanda ya hau shi don ya yi tsalle ba.

Usta Mai Sikal:
Baba a yi mini afuwa, amma yaran Makka fa? Ni a Shara Mansur aka haife ni. Hawan dutsen unguwarmu wa bai gangaro shi da sikal, wato keke, marar birki ba? Muna jera bulo mu ɗora katako mu yi ta tashi sama. Asalin BMX ɗin ma haka ne. Yaran Kalifoniya ne wajen 1970 suke kwaikwayon masu tseren babur a ƙasa, da ƙananan kekunansu na Schwinn, a filayen da ba kowa. Bambancinmu da su, su an zo an yi musu doka da kofi, mu an zo an yi mana bulala.

Ummu Rayyan:
Ina ta karantawa ina dariya, kowa na kukan bai samu keke ba. Ku aƙalla an bar ku kun yi haya. Ni a saman rufin gidanmu a Karantina na koya, da sikal ɗin yayana, in ya tafi makarantar dare. Rufin taku goma sha biyu ne, in na kai bango in sauko in juya shi da hannu. Tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya na iya keke. Ranar da na kayar da shanyar maƙwabciyarmu asiri ya tonu, Umma ta ce in na sake za ta aika ni Najeriya wurin kaka. Sai a 2013 aka ce mata za su iya hawa a wuraren shaƙatawa, lokacin ina da ciki na biyu. Yanzu Rayyan da ƙanwarta suna hawa a Kornish ina binsu a ƙasa da jakar ruwa.

Saboda haka ni ba zan ce Abu Sadik ya bari ba. Amma ina da tambaya ɗaya. Maman Sadik ta san da maganar gasar? Don in ka karye, ba Usta ne zai yi jinyarka ba, ba kuma Auta ba.

Abu Sadik:
Hajiya kin kama ni. Ta san ina zuwa filin, ba ta san da gasa ba.

Ummu Rayyan:
To ka fara da can kafin ka zo nan.

Nas a Riyad:
Tunda na ga alamar ba za ka fasa ba, ga sharuɗɗana. Hular kwano mai rufe haɓa, ba irin ta Kornish ba, kuma sabuwa, kada ka sayo ta Haraj don ba ka san dukan da ta sha ba. Safar hannu, riga mai dogon hannu, dogon wando, abin kare gwiwa da gwiwar hannu. Ka duba takardar ta'aminka, wato inshora, ka ga me ta ce kan raunin wasa. Ka sha ruwa tun dare, zafin Jidda ko da asuba gumi ne. Kuma kada tayarka ta bar ƙasa.

Auta na Hindawiyya:
Anti in bai yi tsalle ba ai na ƙarshe zai zo.

Abu Sadik:
A nan kam Auta ba ka gane ba, kuma shi ne abin da ya fi ba ni mamaki a wasan. Da na fara, ƙarfi nake sawa, ina ta taka feda a kan tuddai, feda na dukan ƙasa, yara na wuce ni kamar ina tsaye. Sai wani ɗan Filifin a cikinsu ya ce in daina takawa gaba ɗaya. Ya nuna mini: in za ka hau tudu ka saki jiki, ka bar keken ya taso maka, hannu da gwiwa su lanƙwashe. Da ka wuce ƙoƙon tudun sai ka danna shi ƙasa da ƙafafu da dukkan nauyinka. Kamar lilo ne, yadda yaro ke ƙara gudu ba wanda ya tura shi. Ranar da abin ya zauna mini, na zagaye filin sau biyu ban taka feda ko sau ɗaya ba, kuma gudun ƙaruwa yake. Wallahi ihu na yi cikin hula. A nan nauyina ma amfani yake mini, kilo 88 in ya danna gangara ba wasa ba ne.

Inda nake shan kashi shi ne tashi. Su ba su da ƙofar ƙarfe, katako ne wani ke takewa ya saki. Sai ka tsaya a kan feda biyu, tayar gaba na jingine da katakon, ba ka sa ƙafa a ƙasa ba, kana jira. Yaran nan kamar an kafa su. Ni kuwa rawa nake kamar kazar da aka jiƙa. Kuma wanda ya riga kai kwanar farko, yawanci shi ke ci.

Usta Mai Sikal:
Wannan a gida ake koyon sa. Jingina tayar da bangon falo kullum minti biyar. In maman Sadik ta tambaya ka ce Usta ne ya sa ka.

Baba na Jarwal:
Ni dai ban canza magana ba. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Abin da ya wuce ka a Fagge ya wuce, ba a biyan bashin yarinta da ƙashin tsufa. In ka ƙi ji, Allah ya tsare, amma kada a turo mini hoto.

Abu Sadik:
Salam jama'a, na dawo da rahoto tunda kun yi ta tambaya ta bayan fage. Na gaya wa uwargida. Ta yi shiru, sannan ta ce da sharaɗin Sadik ya bi ni da wayarta a hannu, kuma in na karye ita ba ta san hanyar asibiti ba. Na sayi hular, ta fi keken tsada.

Mu bakwai muka tashi. Zagaye uku aka yi. Na farko na zo na bakwai. Na biyu na zo na shida, saboda cen ɗin wani ya zame. Na uku katakon ya faɗi ina kallon wani wuri, amma a layin ƙananan tuddai na kamo wani yaro da ya yi tsalle ya sauka a karkace, na wuce shi tayata na ƙasa kamar yadda Nas ta ce. Na biyar. Daƙiƙa 41 Sadik ya ƙirga, na farkon ya yi 33. Ban faɗi ba, sai dai cinyoyina har yanzu ba nawa ba ne, jiya a zaune na yi wa wani gyaran mukayyif.

Matsalar yanzu, Sadik ya ce keken daidai shi ne, kuma Usta ma ya faɗa a nan kowa ya gani.

Nas a Riyad:
Alhamdu lillah. Wannan karon ka tsira, ban ce ka mayar da shi sana'a ba.

Ɗan Maiwurno:
Mabruk ya Abu Sadik. In kun sake yi ka gaya mini, zan zo kallo da shayi. Hawa kam a'a.

Baba na Jarwal:
Na ce kada a turo hoto, Auta ya turo mini bidiyo har uku.

Usta Mai Sikal:
Na ga bidiyon. Tayar bayanka tana rawa, sifok biyu sun saki, kawo shi gobe bayan la'asar kafin ka ba yaron. Kuma akwai wani mai inci 24 da aka kawo mini, jikin lafiya lau, cen da taya kawai yake so. Riyal 500.

Abu Sadik:
Usta ka ji tsoron Allah. 300, kuma kai za ka yi wa maman Sadik bayani.